Kukanmu Ga Mai Girma Gwamna: Takardar Koke Daga Ma'aikatan Ƙungiyoyin Farar Hula na Kudancin Kaduna

Zuwa ga
Mai Girma Gwamnan Jihar Kaduna,
Sanata Uba Sani,
Gidan Sir Kashim Ibrahim, Kaduna.

Ranka ya daɗe,

Mu da muka sa hannu a wannan takarda ma'aikata ne na ƙungiyoyin farar hula da ke aiki a Jama'a, Kaura, Zangon Kataf, Jaba, Sanga, Kachia, Kagarko da Kauru. A cikinmu akwai ma'aikatan jinya da akantoci, da masu taimakon lauya, da masu shiga tsakani idan rigima ta tashi, da masu rarrashin waɗanda tashin hankali ya gigita, da masu tattara bayanai, da direbobi. Akwai Musulmi, akwai Kirista. Akwai Fantswam, Bajju, Atyap, Ham, Kagoro, Adara, Ninzo, Hausawa da Fulani.

Rubuta koke ba baƙon abu ba ne a wurinmu, sai dai a madadin wasu muka saba yi: matar da dangin miji suka ƙwace wa gona bayan rasuwarsa, yarinyar da aka ci wa zarafi, ƙauyen da famfonsa ya lalace shekara da shekaru. Yau namu muka kawo. Sana'ar da muke ci da ita tana mutuwa a hannunmu, kuma in ta mutu ba gidajenmu kaɗai za su ji a jika ba. Mun zaɓi mu kawo maka kai tsaye saboda kai ɗan gida ne. Kafin ka zama sanata, kafin ka zama gwamna, a cikin ƙungiyoyin farar hula aka san ka, a Campaign for Democracy da JACON, lokacin da faɗin gaskiya a gaban soja kan kai mutum kurkuku. Ba sai mun yi maka dogon bayanin amfanin wannan aiki ba.

Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya raina. Tun da layin dogo daga Fatakwal ya iso a shekarun 1920, aka fitar da reshen Jos daga nan, aikin reluwe ne ya riƙe gidaje, shi ya tara ƙabilu daga ko'ina cikin Najeriya a wuri ɗaya. Da reluwe ya durƙushe, abin da ya rage wa mai ilimi bai wuce aji, ko asibiti, ko sakatariyar ƙaramar hukuma ba. Sai fitintinu suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya. Ta Maris 1987 daga Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ta tashi, ta bazu har Zariya da Kaduna da Funtuwa. Zangon Kataf ta ƙone a 1992. Rikicin sarautar Jama'a ya zo a 1999. Bayan zaɓen Afrilun 2011 wuta ta ci kasuwar Kafanchan, jini ya kwarara a Zonkwa da Matsirga, Fulani da yawa suka kwashe iyalansu suka koma Ladduga. A 2016 kuma sai Godogodo da Goska. Kowace ɗaya ta bar marayu da nakasassu da gidaje ba rufi, ta kuma bar gaba a zukata.

Da farko majami'u da masallatai da ƙungiyoyin mata ne suka tallafi abin, da tausayi da ɗan abin da ke aljihu. Amma tausayi kaɗai ba ya ɗinke rauni, ba ya riƙe littafin lissafi, ba ya kai ƙara kotu ta tsaya. Dole aikin ya nemi masu ilimi, kuma ya same su a nan gida. Gidauniyar Fantsuam ta fara a Kafanchan a 1996, tana ba mata ƙaramin rance tana koya wa matasa kwamfuta a Bayan Loko, har ta ci lambar yabo ta Hafkin ta nahiyar Afirka a 2001, daga baya ta kai intanet karkara lokacin da manyan birane ma ke fama da samunsa. A Kaduna, Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda suka taɓa ja da juna da makami, sun haɗa kai tun 1995 suka nuna cewa sulhu abu ne da ake koya, ake kuma koyarwa. A kan irin wannan tushe muka taso. Wasunmu sun bar aikin gwamnati suka shigo, wasu daga jami'a suka zo kai tsaye, don sun ga sana'a ce da mutum zai tsufa a cikinta da mutuncinsa.

Muna so ka dubi abin da wannan ƙwarewa ta ƙunsa, ranka ya daɗe, domin a nan ne ake yawan raina mu. Ranar 23 ga Maris 2016, wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomin Jama'a, Kaura, Zangon Kataf, Sanga da Kachia suka sa hannu a Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Kafanchan, bayan doguwar tattaunawa da Alice Nderitu 'yar ƙasar Kenya ta jagoranta. A Agustan 2020 Agwatyap, sarkin Atyap, ya tara Atyap da Hausawa da Fulani suka yi nasu zaman. Hoton sa hannu kowa ya gani. Abin da ba ya fitowa a hoto shi ne zirga-zirgar da ake yi kafin mutumin da aka kashe wa ɗa ya yarda ya zauna ɗaki ɗaya da wanda yake zargi, da kuma wadda ake yi bayan an watse, don kada takarda ta zama takarda kawai.

Tun 2011 unguwanninmu suka rabu bisa addini, har saye da sayarwa ya so ya rabu. Mutumin da zai shiga unguwar Musulmi da safe, ya wuce ta Kirista da rana, ya ƙarasa ruga da yamma, a ba shi ruwa a kowane wuri kuma a gaya masa gaskiya, ba shi da yawa. Irin wannan mutum ya san idan shanu suka shiga gona, sa'o'in farko su ne komai. Ya san wane arɗo zai kira, wane mai unguwa ne maganarsa ke shiga kunnen matasa, wane shugaban matasa ne ba a tunkararsa a gaban yaransa. Ya san yadda ake ƙiyasta ɓarna a biya diyya kafin labari ya kai Facebook ya koma na ƙabila da addini. Ma'aikaciyar da ke karɓar yarinyar da aka yi wa fyaɗe ta san ba a sa ta maimaita labarin a gaban mahaifinta, ta san dole a kai ta asibiti cikin kwana uku don a ba ta maganin kariya daga ƙanjamau, ta san hanyar cibiyar Salama da ke babban asibitin Kafanchan, ta san yadda za ta tsaya wa iyaye idan aka fara lallaɓa su a kashe magana a gida. Ba a samun wannan a taron bita na kwana uku. Shekaru ake yi ana tara shi, kuma rabinsa ba ilimi ba ne, yarda ce. Yarda kuwa da mutum ake yi wa, ba tambarin ƙungiya ba. Ranar da mutumin ya tafi, da ita yake tafiya.

To, ga abin da zamani ya yi wa wannan sana'a.

Mafi yawan albashinmu daga waje yake zuwa, kuma mun daɗe da sanin ba tsari ne mai ɗorewa ba. A 2021 Birtaniya ta rage tallafin da take bai wa ƙasashe daga kashi 0.7 cikin 100 na arzikinta zuwa 0.5, a Fabrairun 2025 kuma ta ce za ta mai da shi 0.3 daga 2027. Ranar 20 ga Janairun 2025 shugaban Amurka ya dakatar da tallafin ƙasashen waje, cikin 'yan kwanaki umarnin a tsai da aiki ya fito, a farkon Yuli kuma hukumar USAID ta rufe. A Washington lissafin kasafi ne. A nan kuwa saƙo ɗaya ne ya shigo waya: a tsaya, kada a kashe ko kwabo, a dawo da babur da kwamfuta. Akwai zaman sulhun da aka sa wa rana aka fasa, akwai matan da aka rubuta sunayensu za a koya musu sana'a, har yau suna tare mu a kasuwa suna tambaya. Majalisar Tarayya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya na 2025 don rage giɓin, mun kuma yaba. Sai dai ba mu ga irin wannan tanadi ga aikin sulhu, ko kare mata da yara, ko kula da masu ciwon zuciya bayan hari ba.

Amma kada a ɗauka da janyewar Amurka matsalarmu ta fara. Tun kuɗin na zuwa, ta hannu da yawa yake bi. Mai ba da tallafi ya ba babbar ƙungiyar ƙasa da ƙasa da ke Abuja, ita ta ba wata a Kaduna, ita kuma ta yanko mana abin da ya rage. Kowane hannu yana cire kuɗin hayar ofis da albashi da inshorar ma'aikatansa. Idan ya iso Kafanchan sai a ce kuɗin gudanar da taro ne kawai: hayar zaure, abinci, kuɗin motar mahalarta. A taron jin ƙai na duniya da aka yi a Istanbul a 2016, manyan masu ba da tallafi sun yi alkawarin kashi 25 cikin 100 zai riƙa zuwa ga ƙungiyoyin cikin gida kafin 2020. Ba su cika ba, ko kusa.

Daga nan ne babban kukanmu ya fito. Kwantiragin shekara uku ya koma na shekara ɗaya, ya koma na wata shida, yanzu har na wata uku ana bayarwa. Mai aikin sulhu a kan irin wannan kwantiragi kamar wanda aka ba aron gona na damina ɗaya ne aka ce ya dasa mangwaro. Sannan aka sauya mana suna. Mutum yana da digiri, yana fita aiki Litinin zuwa Juma'a, wani lokaci har Asabar, yana da shugaban da yake kai wa rahoto, amma a takarda an rubuta shi ɗan sa-kai, abin da ake ba shi kuma alawus ne ba albashi ba. Wannan suna shi ke raba mu da duk wata kariya da doka ta tanada. Dokar fansho ta 2014 ta ce mai ba da aiki ya zuba kashi 10, ma'aikaci ya zuba 8. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi abin da za a ba wanda ya ji rauni ko ya mutu a bakin aiki. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta wa kowa inshora. Ma'aikaci duka suke nufi, shi kuwa ɗan sa-kai ba ya cikin lissafi. Gwamnatinka ta tsai da mafi ƙarancin albashi a naira 72,000. Da yawa daga cikinmu, masu tsayawa a gaban jama'a suna koya musu haƙƙoƙinsu, abin da suke karɓa a wata bai kai haka ba. Mace ta ɗauki ciki, kwantiragi ya ƙare, ba a sabunta ba, ba kuma wanda zai ce an kore ta. Wannan abu yana yi mana ciwo ƙwarai, domin daga ƙungiyoyin da ke wa'azin adalci yake fitowa.

Sai tsadar rayuwa ta zo ta ƙarasa abin da ya rage. Kafin 29 ga Mayun 2023 litar fetur a gidajen man gwamnati ba ta kai naira 200 ba, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Dala da ke wajen naira 460 a farashin hukuma ta wuce 1,500 a 2024. Akwai wani zalunci a ɓoye a nan da ba a cika faɗa ba. Babbar ƙungiya da dala ko fam take karɓar kuɗinta, don haka faɗuwar naira ƙaruwa ce a wurinta. Mu kuwa da naira aka rattaba mana yarjejeniya, a kan farashin da. Kuɗin acaɓa daga Kafanchan zuwa ƙauyukan Kaura ko Sanga ya ninka sau da yawa, kuɗin motar da ke cikin kasafi yana nan inda yake. Ma'aikaci ya cika daga aljihunsa, ko ya rage fita. Masu aikin rance su ma sun sha tasu. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya tsai da adashi da biyan bashi, a daminar shekarar kuma cuta ta faɗa wa citta a Kachia da Jaba da Kagarko da Jama'a, manoma suka yi asarar biliyoyin naira. Matar da ta ci bashi ta zuba a gonar citta ba ta da abin biya, asusun rance ya ƙafe, jami'in da ke bin bashin shi ma aikinsa ya tafi.

Zamanin waya ya zo da nasa. Ba ma ƙin ci gaba, a garin nan aka fara koya wa 'yan karkara kwamfuta tun ana ganin abin almara ne. Sai dai yanzu neman tallafi a intanet ake yi, da Turanci mai nauyi, taro ta Zoom, bayanai ta manhajar waya, a yankin da wuta ba ta tsayawa, sabis kuma sai an hau tudu. Wanda ya iya tsara takarda a Abuja, ko ya sa na'ura ta tsara masa, shi ke cin kwangila. Sai ya zo nan ya ɗauki wanda ya san ƙasa aikin kwana biyar, ya kai shi wurin hakimi, ya yi masa tafinta, ya tara masa mutane a ɗauki hoto. Ilimin namu ne, suna da kuɗin na wani. Dattawan da suka fi kowa iya sasanta mutane an ajiye su gefe saboda ba su iya cike fom a waya ba. A ɗaya gefen kuma, wayar nan ta sa aikin ya fi da wuya. Da, jita-jita sai ranar kasuwa take yaɗuwa, mai unguwa yana da sararin tare ta. Yanzu hoton gawa, wani lokaci ma daga wata ƙasa aka ɗauko shi, yana zagaye WhatsApp kafin a idar da sallar asuba ko addu'ar safe, kuma matasan da za su tashi a kansa ba lallai su saurari dattijo ba, balle idan ƙwaya ta shiga tsakani. Buƙatar gwanaye ta ƙaru a daidai lokacin da ake sallamarsu.

Ga kuma haɗari. Hanyoyin da muke bi su ne waɗanda masu garkuwa da mutane ke tsarewa. A Yulin 2022 aka sace Rabaran Fada John Mark Cheitnum na darikar Katolika ta Kafanchan aka kashe shi, mutumin da kowa ya sani. Ina ga mai tattara bayanai da ke kan babur shi kaɗai? Ma'aikacin babbar ƙungiya ba ya fita sai jami'in tsaronsu ya amince, yana da mota, yana da inshora. Inda aka hana shi zuwa, mu ake turawa. Idan wani abu ya faru, dangi da abokan aiki ne ke yin karo-karon kuɗin fansa ko na asibiti. A 2020, lokacin da dokar hana fita ta awa 24 ta rufe Zangon Kataf da Kauru, daga baya ta haɗa da Jama'a da Kaura, mu ne ke neman hanyar kai abinci da magani ga masu gudun hijira a Zonkwa da gidajen 'yan'uwan da suka karɓe su, ba tare da wata takardar shaida da kowane shinge zai amince da ita ba.

Zargi kuma ya ƙaru. Ɓangare ya ce mu 'yan leƙen asirin ɗaya ɓangaren ne, ɗayan ma ya faɗi haka. Da ɗan majalisar Amurka Scott Perry ya yi zargi a Fabrairun 2025 cewa kuɗin USAID na kai wa ga Boko Haram, jakadan Amurka a Najeriya ya musanta, amma maganar ta riga ta shiga gari, kuma a kan ƙaramin ma'aikaci da ke tsaye a shinge da jakar takardu take sauka. Ba mu ce babu ɓata-gari ba. Akwai ƙungiyoyin da ofishinsu bai wuce jakar hannu ba, masu farautar kuɗin zaman taro, kuma mu suka fi cuta domin sunanmu suke ɓatawa. Muna goyon bayan a tantance. Abin da muke kuka da shi shi ne tantancewar da ba ta ƙarewa: rajistar Hukumar Kula da Kamfanoni, takardar yaƙi da halasta kuɗin haram da banki ke nema, ta haraji, ta ma'aikata, ta ƙaramar hukuma, kowace da kuɗinta da tafiyarta zuwa Kaduna ko Abuja. Ƙungiya mai mutum biyar sai ta ware ɗaya don bin takardu kawai, mai jakar hannu kuwa ya fi kowa iya mallakarsu.

Sakamakon duk wannan a fili yake. Ma'aikatan jinya suna neman hanyar Ingila. Akantoci sun koma Abuja. Masu sulhu sun buɗe rumfar POS, wasu sun hau acaɓa, wasu sun koma gona. Matasa masu basira da ke fitowa daga reshen Jami'ar Jihar Kaduna na Kafanchan da Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya sun daina kallon wannan aiki a matsayin makoma, kuma ba mu ga laifinsu ba. Amma akwai wata ƙaura da ta fi waɗannan tayar mana da hankali, muna roƙo ka saurare ta da kunnen basira. Mutumin da ya shekara goma yana aikin sulhu yana da lambar kowane shugaban matasa a gundumarsa, ya san wa ke jin haushin wa, ya san inda kowane tsohon miki yake. Idan yunwa ta kore shi daga wannan aiki, ɗan siyasa ne ke jiransa da hannu biyu. Ilimin da aka tara don kashe wuta yana iya komawa hannun mai neman hura ta, ga zaɓen 2027 yana matsowa, kuma duk wanda ya ga Afrilun 2011 a yankin nan ya san abin da muke nufi.

Har takardunmu ma tafiya suke. Idan shiri ya ƙare, sunayen waɗanda aka raba da gidajensu, taswirar burtali da mashaya, yarjejeniyoyin da ƙauyuka suka ƙulla da rugage, duk suna cikin kwamfutar da aka mayar. Bayan shekara biyu wani sabon shiri ya zo ya sake tambayar mutane tambayoyin da suka gaji da amsawa.

Ranka ya daɗe, ba sadaka muka zo nema ba, ba kuma muna so gwamnati ta mai da mu ma'aikatanta ba ne, domin ƙungiyar da ta koma reshen gwamnati ta rasa bakin gaya mata gaskiya. Abu na farko da muke roƙo, wanda ba zai ci wa jiha ko kwabo ba, shi ne ka sa sharaɗi a duk yarjejeniyar da jiha ke ƙullawa da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa: duk wanda ke aiki cikakken lokaci a ba shi kwantiragi a rubuce da sunan ma'aikaci, kada abin da ake biyansa ya gaza mafi ƙarancin albashin jiha, a sa shi a tsarin inshorar lafiya na KADCHMA, a yi masa tanadin diyya idan ya ji rauni ko aka sace shi a bakin aiki. A cikin yarjejeniyar kuma a fayyace kason da zai isa ga ƙungiyoyin yankin da za a yi aikin, har da kuɗin riƙe ofis, a kuma yarda a sake duba kasafin naira idan farashi ya tashi. Masu ba da tallafi suna mutunta sharaɗin gwamnati idan ta sa shi. Ba sa yin sa da kansu ne kawai saboda ba wanda ya nema.

Na biyu ya fi nauyi, shi ne kuma zuciyar wannan takarda. Zaman lafiyar kudancin Kaduna bai kamata ya dogara da abin da majalisar wata ƙasa ta yanke ba. Jiha tana ba da kwangilar hanya da ta gini, muna roƙo ta ware layi a kasafinta don sayen aikin sulhu, da kula da waɗanda hari ya gigita, da taimakon shari'a ga mata da yara, daga ƙungiyoyin gida. A bi ta Hukumar Zaman Lafiya ta Jiha da aka kafa a 2017, a yi gasa a fili, a buga sunan wanda ya samu da nawa ya samu, a binciki lissafinsa kowace shekara, wa'adin kuma kada ya gaza shekara uku. Kaduna ta shiga ƙawancen gwamnati a buɗe na duniya tun 2018, don haka tsarin da za a yi wannan ba tare da ya zama rabon 'yan jam'iyya ba yana nan. Ƙananan hukumomi takwas ɗin nan su ma su sa nasu kason. Abin da za a kashe a shekara ba zai kama ƙafar abin da dokar hana fita ta mako guda ke jawo wa kasuwanni da gonaki ba, balle rai.

Muna kuma roƙon rajista guda ɗaya ta jiha, da za a iya yi a nan Kafanchan, tare da katin shaida da jami'an tsaro da sarakuna za su san da shi. Muna roƙon jami'ar jiha da kwalejojin da ke yankin su buɗe kwasa-kwasan sulhu, da ba da shawara, da lissafin ƙungiyoyi, su kuma buɗe ƙofa ga dattawa da matan da suka ƙware a aikace ba su da takarda, su koya su kuma koyar. Yanzu da babban asibitin Kafanchan ya zama Cibiyar Lafiya ta Tarayya, Kachia kuma ta sami jami'ar tarayya, abin da muka yi murna da shi matuƙa, muna fatan ka sa baki a dubi ma'aikatan lafiya da masu bayanai da rufewar shirye-shirye ta bari a titi idan an tashi ɗaukar aiki, kafin su ma su kama hanya. A ƙarshe, a samar da ma'ajiya a yankin inda kowane shiri zai ajiye kwafin bincikensa da yarjejeniyoyinsa kafin ya rufe, tare da kiyaye sirrin mutanen da abin ya shafa.

Muna roƙo a ba mu amsa a rubuce, a kuma sa mana ranar zama da wakilanka kafin a kai kasafin baɗi gaban Majalisar Dokoki. Muna so a yi zaman a Kafanchan, domin waɗanda abin ya fi shafa ba su da kuɗin motar Kaduna. Za mu zo da kwantiragoginmu da takardun biyanmu, duk wanda ka turo ya gani da idonsa.

Mun aika kwafin wannan takarda ga Kakakin Majalisar Dokokin Jiha, da Hukumar Zaman Lafiya, da shugabannin ƙananan hukumomi takwas, da Mai Martaba Sarkin Jama'a da sauran sarakunan yankin.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya zaunar da jiharmu lafiya.

Mu ne naka,
Ma'aikatan ƙungiyoyin farar hula na kudancin Kaduna,
Kafanchan.